Maikro-RNA a cutar mantuwa: masu raguwa da masu ƙaruwa

Malama, kin yi tambaya a zaure: wasu suna cewa maikro-RNA ne ke lalata ƙwayoyin jijiya a cutar mantuwa, wasu kuma suna cewa su ne ke kare su, to wanne za a ɗauka? Kowace magana tana da tushe, domin ba abu guda suke nufi ba. Maikro-RNA a jikin ɗan Adam sun haura iri dubu. A ƙwaƙwalwar mai cutar Alzheimer, wadda ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na cutar mantuwa, wasu raguwa suke yi, wasu kuma ƙaruwa.

Aikinsu a taƙaice: ƙwayar gado tana aika saƙo a ƙera furotin, shi kuma maikro-RNA, ɗan guntun zare mai haruffa kusan 22, sai ya manne wa saƙon ya rage yawan abin da za a ƙera. Linzami ne. Binciken Victor Ambros da Gary Ruvkun a kan wata 'yar tsutsa ne ya bayyana su a 1993, kuma shi ya ba su kyautar Nobel a 2024.

Masu raguwa, ɓarnarsu a rashinsu take. A 2008, masu bincike a Leuven ta Beljiyam sun ga miR-29, wato maikro-RNA mai lamba 29, ya yi ƙasa a ƙwaƙwalwar wasu da suka rasu da cutar, kuma a cikinsu BACE1 ya yi yawa, wato sinadarin da ke fara yanko amiloyid, furotin ɗin da ke dunƙulewa tsakanin ƙwayoyin jijiya. A wannan shekarar, a Kentucky ta Amurka, an nuna miR-107 shi ma yana sauka tun cutar tana farko-farko. Amma wanda ya fi jan hankalina shi ne miR-132, domin ɗakunan bincike daban-daban sun yi ta ganin raguwarsa. A 2015 a Kanada, an cire shi daga ɓeraye, sai furotin ɗin tau, wanda ke curewa a cikin ƙwayar jijiya har ya kashe ta, ya ƙaru, tuninsu kuma ya yi rauni. A 2021 aka gwada akasin haka: aka mayar wa ɓerayen da ke da alamun cutar miR-132, sai haihuwar sababbin ƙwayoyin jijiya a sashen ajiye tuni ta farfaɗo, tunin ma ya gyaru.

Masu ƙaruwa kuwa galibinsu kumburi suka shafa, ba amiloyid kai-tsaye ba. miR-155 yana zuga maikrogiliya, wato ƙwayoyin tsaron ƙwaƙwalwa, su yi ta fitar da sinadaran kumburi har su cutar da jijiyoyin da suke gadi. miR-34a yana danne furotin irin su Bcl-2 da ke hana ƙwaya mutuwa. miR-125b kuma an ga yana ƙara lalacewar tau.

Na miR-146a ya fi rikitarwa. Yana ƙaruwa a cutar, gaskiya ne, amma tun 2006 aka nuna cewa ainihin aikinsa shi ne kwantar da kumburi bayan ya tashi. To yawansa ɓarna ce, ko kuwa ƙwaƙwalwa ce ke ƙoƙarin ja wa kumburin linzami? Masu bincike sun sami sakamako ta ɓangarorin biyu. Shi ya sa ba na yarda da rubutun da ke raba su gida biyu, nagari da mugaye.

In aka jera rukunin biyu, a ganina hujjar masu raguwa ta fi ƙarfi, musamman miR-132, tunda an cire shi an ga ɓarna, an mayar an ga gyara. Sai dai akwai abin da ya shafi rukunin biyu, kuma ina so ki riƙe shi. Yawancin awon da aka yi wa mutane, a ƙwaƙwalwar mamata aka yi shi, bayan cutar ta daɗe tana ci. A lokacin ƙwayoyin jijiya da yawa sun mutu, ƙwayoyin kumburi sun yawaita. Dole maikro-RNA na jijiya ya bayyana kaɗan, na kumburi ya bayyana da yawa, ko da ba su ne suka fara kawo matsalar ba. Raba sanadi da sakamako a nan aiki ne babba.

Ta fuskar magani ma hanyarsu ta rabu. Mai raguwa, kwafinsa za a ƙera a saka. Mai ƙaruwa, abin da zai toshe shi za a nema. Kowanne sai ya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, kuma maikro-RNA guda yana iya taɓa ɗaruruwan saƙonni, ba wanda ake nufi kaɗai ba. A 2016 an dakatar da gwajin MRX34, kwafin miR-34a da aka ba masu ciwon daji, saboda garkuwar jikinsu ta yi mummunan tashi, har wasu suka rasu. Shi kansa miR-132 da ake son ƙarawa a ƙwaƙwalwa, wani kamfani a Jamus ya ƙera maganin toshe shi, domin yawansa a zuciya yana taimaka wa ciwon gazawar zuciya.

Don haka in akwai dattijo a gida da mantuwa ta fara damu, kada a bari wani ya sayar muku da abu da sunan maganin maikro-RNA, domin babu irinsa da aka amince da shi ga wannan cuta. A kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa a duba hawan jini, ciwon suga, ƙarancin bitamin B12 da aikin tairod (ƙullin wuya da kumburinsa ke kawo maƙoƙo), tunda wasu daga cikin abubuwan da ke kawo mantuwa ko ƙara ta suna da magani a yanzu.