Ƙaramar kwamfutar tebur: ta ofis ta hannu ko sabuwa mai furosesar Intel N100, wacce za ka ɗauka?

In dai aikinka da kwamfuta bai wuce rubutu a Word ba, lissafi a Excel, buɗe shafuka a burauza, kallon YouTube, shiga taron Zoom da tura takarda firinta, to ba ka da wata buƙata da ƙaton akwatin nan da ake turawa ƙarƙashin tebur. 'Yar ƙaramar da ake kira mini PC za ta yi maka duk wannan, ba ƙara, ba cin wuri, ba shan wuta, wasu ma a bayan monita ake liƙa su ka manta suna nan. Matsalar ita ce kasuwarsu ta cika maƙil, mai kyau da marar kyau duk kamanni ɗaya a hoto, shi ya sa nake so mu bi su a hankali.

Bari in faɗi inda zuciyata take tun yanzu, ni ba na ɓoyewa. In aka ce zaɓi ɗaya, ƙananan kwamfutocin ofis na hannu nake ɗauka, irin waɗanda manyan kamfanoni da bankuna suke saye da yawa su yi aiki da su shekara uku ko huɗu sannan su sake sababbi. Iri uku ne suka fi yawa, Lenovo ThinkCentre Tiny, Dell OptiPlex Micro da HP EliteDesk Mini, kuma a cikinsu ɗin ma ThinkCentre M720q ce tawa. Ta fito a 2018, faɗinta kusan santimita 18 ne ta kowane ɓangare, kaurinta bai kai santimita 4 ba, jikinta ƙarfe. Wadda za ka nema ita ce mai i5-8400T ko i5-8500T a ciki, furosesa ce (ƙwaƙwalwar kwamfutar) mai koa 6, wato sassa shida masu aiki lokaci ɗaya, kuma harafin T ɗin nan na ƙarshe yana nufin an yi ta ne don ta ci wuta kaɗan, watt 35. In tana zaune ba wani aiki mai nauyi, abin da take ja bai cika wuce watt 10 zuwa 15 ba.

Amma abin da ya sa nake son ta ba saurin ba ne kawai, buɗewa ne. Sukuru ɗaya ne a baya, ka kwance shi, murfin ya zame gaba, sai ga fanka a gabanka da gurbin hadis mai inci 2.5, ka juya ta ka zare murfin ƙasa sai ga gurbin RAM guda biyu da wurin SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri) irin siririn nan da ake kira M.2. Minti biyar ba ta cika ba ka gama. RAM ɗin irin na laftof ne, DDR4, ana samunsa ko'ina, yau ka fara da 8GB gobe in hali ya yi ka ƙara wani ya zama 16GB, har 32GB tana ɗauka. Ita kanta furosesar a soket take, ba a narke ta a jikin bod ba. Akwai ma wurin da ake saka ɗan kati na PCIe ta hanyar adafta, masu son ƙara ramin netwok suna amfani da shi, ko da yake mai aikin yau da kullum ba lallai ya taɓa shi ba. Kuma da yake an yi su da yawa, in fanka ta mutu ko caja ta ƙone za ka samu madadinta ba tare da wahala ba, littafin gyaranta yana nan a shafin kamfanin kyauta, BIOS (manhajar cikin bod da ke tada kwamfuta) da direbobi (manhajojin da ke sa sassanta aiki) duk suna nan a wuri ɗaya. Wannan kwanciyar hankalin ita nake saye gaskiya.

Dell OptiPlex 3060, 5060 da 7060 Micro sa'o'inta ne, ba laifi ko kaɗan. HP EliteDesk 800 G4 Mini ma haka, har ta fi ta da abu ɗaya, gurbin M.2 biyu gare ta. In ka samu ɗayansu da sauƙi fiye da Lenovo, ɗauka kawai.

Abin da ba zan yarda ka sassauta ba shi ne zamanin furosesa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance yana son Intel na zamani na 8 zuwa sama, ko Ryzen na AMD daga 2000 zuwa sama (ba duka na 2000 ɗin ba), tare da abin tsaron nan da ake kira TPM 2.0. Ke nan ThinkCentre M710q da ta riga M720q fitowa da sauran masu zamani na 6 da na 7, duk da kyansu da arharsu, an bar su a baya, sai dai in Linux za ka saka, to a nan kam suna aiki lafiya ƙalau. Gane zamanin ba wuya, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce, 8500T na 8 ne, 6500T na 6 ne, 10500T kuma na 10.

Yanzu sababbin nan masu Intel N100, irin na Beelink, GMKtec da Minisforum. Ba zan zalunce su ba, suna da nasu. N100 ta fito a 2023, koa 4 gare ta, watt 6 aka rubuta mata, tana iya karanta sabon tsarin bidiyo na AV1 da kanta wanda i5 na zamani na 8 ba ya iyawa, kuma sabuwa ce fil a kwali, yawanci da waifai da bulutut a ciki. In abin da kake so na kallon fim ne a talabijin ko na yaro ya yi aikin makaranta, ta isa. Amma layin RAM ɗaya kawai take da shi, Intel ta ce iyakarta 16GB, in ka buɗe tab ashirin ga Excel ga Zoom za ka fara jin tana numfashi sama sama, a aikin da ke buƙatar koa da yawa i5-8500T ta fi ta nesa. N150 da ta biyo baya kusan abu ɗaya ce, kar a ruɗe ka da girman lamba. Sannan abin da ya fi damuna, yawancinsu SSD da RAM ɗin da ke ciki ba ka san wa ya yi su ba, kuma bayan shekara biyu neman sabon BIOS ko fanka madadi sai ya zama aiki. Masu Ryzen 5 ko Ryzen 7 na waɗannan kamfanonin sun fi ƙarfi sosai, har wasan gem mai sauƙi suna yi, sai dai kuɗin ya tashi daga abin da muke kira arha.

Mac mini mai M4 na 2024 inji ne na gaske, amma ba a ƙara masa RAM bayan saye kuma ba ajin masu neman sauƙi ba ne. NUC kuwa, wato ƙananan kwamfutocin da Intel take yi a da, ta saki layin a 2023 ASUS ta karɓa, yana da kyau, sau da yawa dai ba RAM ba SSD ake sayar da shi. Raspberry Pi 5 na masu son gwaje-gwaje ne, ba na wanda yake son ya kunna ya fara aiki ba. Duk wadda ka ga an rubuta Celeron N4020 da RAM 4GB da ma'ajiya irin eMMC 64GB, wuce ta ko a kyauta ne, Windows kaɗai zai cinye wurin kuma komai a narke yake ba ya canzuwa.

To yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne da kyau, domin zaɓen samfuri shi ne mai sauƙin, kuɓuta daga hannun macuta shi ne aikin.

Na farko wasan "Core i7". Mai sayarwa zai rubuta i7 da manyan haruffa ya yi shiru a kan sauran lambar, kai kuma ka ɗauka ka samu babba, alhali i7-3770 tun 2012 take, i7-4790 kuma 2014. Duk tallan da bai rubuta cikakkiyar lamba ba, ka tambaya, in ya fara kwana-kwana yana cewa ai i7 ce mai ƙarfi, bar shi. Kuma kar ka tsaya a kan abin da Settings na Windows ya nuna, ana iya canza wannan sunan ta rajistirin Windows cikin minti ɗaya, wallahi ana yi. Shiga BIOS ka gani da idonka, ko ka buɗe manhajar CPU-Z mai nuna bayanan furosesa, sannan ka ɗauki lambar siriyal ta jikin injin, a Dell Service Tag ake ce mata, ka saka a shafin kamfanin, zai nuna maka samfurin da abin da aka haɗa ta da shi tun daga masana'anta.

Na biyu caja, kuma wannan kam ta taɓa ƙona ni shi ya sa ba na wasa da ita. Wani mai sayarwa ya taɓa turo min inji da alƙawarin komai na asali ne, injin lafiyarsa lau, amma cajar da ka ɗaga ta sai ka ji kamar ba komai a ciki, rubutun jikinta ya ɗan karkace, in ka kai kunne kusa tana wani siririn tsuwa, da na buɗe bidiyo biyu sai kwamfuta ta ɗauke ɗif. Ba inji kaɗai cajar jabu take kashewa ba, tana iya tada gobara a ɗaki. Ka nemi hoton cajar gaba da baya kafin ka biya. Ta M720q mai baki huɗu ce, volt 20, watt 65 ta isa ga furosesa mai T. Na Dell volt 19.5 ne kuma akwai ɗan tsinke a tsakiyar bakin wanda injin yake gane cajar da shi, in bai gane ta ba sai ya yi gargaɗi lokacin kunnawa ya rage gudun furosesa, mutum ya yi ta zargin kwamfuta alhali caja ce. In aka ce maka ba caja amma an rage kuɗi, lissafa kuɗin ta asali ka ɗora kafin ka ce arha ce.

Na uku SSD. A na hannu ka saka manhajar CrystalDiskInfo, zai nuna maka awa nawa ya yi aiki da kashi nawa ya rage na lafiyarsa, in ka ga launin rawaya ko ja kar ka karɓa. A sababbi marasa suna kuma akwai SSD na ƙarya da yake nuna 1TB alhali ainihin abin da ke ciki ɗan kaɗan ne, za ka yi ta zuba fayil yana karɓa, ranar da ka zo buɗewa ka tarar duk sun lalace. Manhajar H2testw ita take tona asirinsu, tana cika shi dam sannan ta karanta ta gani, tana ɗaukar lokaci amma bar ta ta gama. Wasu kuma su rubuta "ma'ajiya 500GB" ba su ce SSD ba, ka buɗe ka tarar tsohon hadis ne mai juyawa, wanda shi kaɗai ya isa ya mai da inji mai kyau kunkuru.

Na huɗu makulli, wannan na kwamfutocin ofis ne musamman kuma mutane da yawa ba su san shi ba. Wasu kamfanonin suna sayar da injinansu ba tare da sun cire kalmar sirrin BIOS ba, ba za ka iya canza komai a ciki ba. Wasu kuma har yanzu suna cikin rajistar kamfanin ta tsarin Autopilot na Microsoft, da ka sake saka Windows ka haɗa intanet sai ka ga sunan wani kamfani ya fito yana neman imel ɗin ma'aikacinsa, kuma kamfanin ne kaɗai zai iya cire ta daga can, goge hadis ba ya magani. Don haka ka ce mai sayarwa ya shiga BIOS a gabanka ko ya turo bidiyo, ya kuma tabbatar maka a rubuce cewa ba ta cikin rajistar kowa, in ta fito da makulli za ka mayar. Mac ta hannu ma tana da irin nata, Activation Lock, sai mai ita na farko ya fita daga asusunsa.

Kar ka ce sabuwa a kwali ta tsira daga komai. A farkon 2024 an gano wasu injinan Acemagic da suka zo da manhajar leƙen asiri a cikin Windows ɗinsu tun daga masana'anta, kamfanin da kansa ya amsa. Wasu ƙananan kamfanonin kuma lasisin Windows ɗin da suke sakawa ba wanda ya halatta a sayar wa mutum ɗaya ba ne, yana iya daina aiki daga baya.

Sai ƙananan abubuwan da suke ɓata rai ranar farko. Yawancin na ofis da waya ake haɗa su da netwok, saboda haka da yawa ba katin waifai a ciki, wasu akwai katin ba eriya, tambaya takamaimai. Duba ramukan baya, wasu DisplayPort kawai gare su ba HDMI, in monitarka HDMI ce sai ka nemi adafta, M720q dai tana da duka biyun. Kibod da maus da ƙarfen liƙawa a bayan monita ba kullum suke zuwa tare ba. In agogon kwamfutar yana komawa baya duk lokacin da aka cire wuta, ɗan batirin CR2032 ne ya mutu, ba wani abin tsoro ba ne. Bar ta a kunne rabin awa da bidiyo yana tafiya ka saurari fankar, in tana kurma ihu ko ƙarar gogayya, ƙura ce ko ta kusa mutuwa, a rage maka kuɗi ko a canza.

Da ta iso hannunka, ko sabuwa ko ta hannu, kar ka shiga imel ko asusun banki da Windows ɗin da ka tarar a ciki. Sauko da naka daga shafin Microsoft ka zuba a filasha mai 8GB ko fiye, goge komai ka saka sabo. A na ofis ɗin nan lasisin yawanci yana ajiye a cikin bod, da ka haɗa intanet zai kunna kansa, in na Windows 10 Pro ne yana aiki a Windows 11 Pro ba sai ka sake biya ba. Duk gwajin nan, CPU-Z da CrystalDiskInfo da H2testw da na makulli, ka yi su tun kwanakin mayarwa ba su ƙare ba, kuma kar ka biya ta hanyar da ba za ka iya neman kuɗinka ba in abu ya ɓaci.