Defender da katangar Windows a sabar shagon magani: abin da na gani

Duk wanda ya sayi sabar (babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke ɗauko bayanai daga gare ta) mai Windows Server 2016 ko wadda ta biyo bayanta, antibayiros ɗin Microsoft Defender na nan a ciki tun daga kamfani, haka ma katangar tsaro ta Windows (firewall), mai tantance abin da zai shiga ko ya fita. Da su biyun nake kula da sabar wani shagon sarin magani a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, inda kwamfutocin kanta ke ɗauko farashi da lissafin kaya daga SQL Server, wato manhajar ajiye bayanai da ke kan sabar. A ganina sun ishi ƙaramin wuri irin namu, muddin za a zauna a saita su.

Kafin in karɓi aikin, wani mai gyara ya ɗora mata antibayiros irin na laftof ɗin gida. A Windows 10, da zarar an saka wani antibayiros, Defender kan ja da baya da kansa. A sabar kuwa ba ya yin haka, sai an kashe shi ko an cire da hannu. Sai ya zama kowannensu na bincikar fayil ɗaya a lokaci guda. Yaro ya rubuta sunan magani ya tsaya yana kallon allo, masu saye sun yi cirko-cirko. Alhaji mai shagon ya ce, "Malam, ko sabuwa za mu saya ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni yammacin Juma'a tukuna."

Na cire na gidan, na bar Defender shi kaɗai, sannan na ware masa fayilolin SQL Server masu ƙarewa da .mdf da .ldf don ya daina taɓa su, kamar yadda Microsoft ɗin ta ba da shawara. Wannan ba ya zuwa a saite, kai za ka yi. Washegari nauyin ya tafi.

Katangar ce ta fi cin lokacina. Kowace hanyar shiga sabar ƙofa ce mai lamba (port), na tarar an bar ƙofa ta 3389, wadda ake shiga sabar da ita daga nesa, a buɗe ga duk intanet, wai don ɗan Alhaji ya riƙa duba ciniki daga Kano. Da na buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru, lamba 4625 ce jere reras har ƙasa, wato masu gwada kalmar sirri suna faɗuwa, dare da rana. Ganuwa ba ta da amfani in an bar ƙofa ɗaya ba mai gadi. Na rufe ta, na haɗa wa ɗan Alhaji VPN, wato keɓantacciyar hanyar shiga mai tsaro. Ƙofa ta 1433, wadda SQL Server ke amfani da ita, na bar wa kwamfutocin shago kaɗai. Ita kuwa 445, ta raba fayiloli, ta nan muguwar manhajar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, don haka na kashe SMBv1 gaba ɗaya, wato tsohuwar hanyar raba fayiloli da ta yi amfani da rauninta.

Inda za a yi haƙuri: allo guda na lura da kwamfutoci da yawa sai an biya kuɗin lasisi, kuma sabuntawa na son data kullum, ga ɗauke wuta. Mai Server 2012 R2 kuma ya sani tun 10 ga Oktoba 2023 tallafinta ya ƙare, ya fara tanadin canji kafin ya yi zancen antibayiros.