Wata huɗu da na'urar juya faifai a ɗakina

Akwatin faya-fayan garmaho da kawuna ya bar mini shi ya sa na sayi na'urar. Ya yi shekaru a ajiye ina ganinsa ina wucewa, sai ran da na buɗe na ƙirga faifai talatin da ɗaya, na ce ai kuwa ba za su tsufa da muryarsu a ciki ba.

Na ɗauki irin mai bel, wadda siririyar roba ke kai juyi daga injin zuwa faranti. Akwai waɗanda injin ke juya farantin kai tsaye, irin Technics SL-1200 da ta fito a 1972, amma ni saurare nake so, ba wasa da faifai da hannu ba. Tawa mai sarrafa kanta ce: ka danna, hannun ya tashi ya sauke allura a bakin faifai, in waƙa ta ƙare ya koma mazauninsa. Ga mai rawar hannu irina, wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Daren farko saura ƙiris in mayar da ita. Na jona lasifika, na ɗora faifai, sai wata 'yar murya can ƙasa-ƙasa kamar kukan sauro, ba amon ganga ba nauyi. Ashe laifina ne. A bayanta akwai ɗan makunni, gefe ɗaya an rubuta PHONO, ɗaya LINE. Abin da allura ke tsintowa daga layin faifai rarrauna ne ƙwarai, sannan tun wajen yanka faifan ana danne sauti mai kauri a ɗaga siririn, bisa ma'aunin da RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, ta tsayar a 1954, don layukan su matsu su ɗauki kiɗa mai tsawo. Dole sai ya ratsa wani ɗan amfilifaya da ke mayar da komai yadda yake. Tawa tana da shi a ciki, ni ne ban kunna ba. Ina tura makunnin zuwa LINE, ɗaki ya cika, har matata ta leƙo tana tambayar wa ya zo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gudu. Biyu kawai take yi: juyi 33 da ɗigo a minti, na manyan faya-fayan da kamfanin Columbia ya fara fitarwa a 1948, da 45 na ƙananan da kamfanin RCA Victor ya kawo a 1949. Tara daga cikin na kawu kuwa 'yan 78 ne, masu nauyi, masu fashewa kamar tangaran. Layinsu ya fi faɗi, allurarsu ma daban take. Ban duba ba kafin in biya, ga su nan a jere suna kallona. Haka nauyin allurar, ba a iya daidaita shi, yadda aka saita daga masana'anta haka za ka rayu da shi.

Ƙura kuwa abokiyar gaba ce. Faifai na janyo ta kamar maganaɗisu, kana ji ƙas-ƙas tsakanin waƙoƙi. Yanzu burushi mai laushi ba ya barin gefen na'urar, kuma a tsaye nake jera su, don in aka jibge su kan juna lanƙwashewa suke. Lasifikar ma na sauke ta daga teburin, domin girgizarta na komawa cikin allura ta haifar da wani gurnani.

Kowane gefe minti ashirin ne da 'yan kai, sai ka tashi ka juya. Na zaci hakan zai gundure ni, sai na tarar ina jin waƙoƙin da a waya da tuni na tsallake. Jiya ƙaramar 'yata ta tsaya tana kallon farantin yana zagayawa, ta ce, "Baba, ina ake dannawa a wuce wannan?" Na ce babu. Ta yi tsaki ta zauna, aka kuma juya gefe na biyu tana nan.