Saƙo daga Jidda kan maganar kayan wasan yara

Salamu alaikum ƙanena, ya kasuwa, ya su Inna. Naji kace kana so ka zuba kayan wasan yara a shago kafin Sallah, har kana tambaya ko na nan sun fi na gida. Gaskiya yawanci duk na China ne, motar rimot ɗin da kake gani a Sabon Gari ita ce dai a kasuwar Balad ta nan Jidda, kwalin kawai aka yiwa Larabci. Kuma nan ba araha, ga harajin kashi 15 da ake ɗorawa tun 2020. Inda suka bar mu shine bayan ka biya kuɗinka.

Akwai wani shago da nake saya wa yara kaya, motar da na sayo wa autanmu ta tsaya, taya ɗaya kaɗai ke juyawa, yaro sai kuka yake. Na koma da ita da fatura, wato rasit, a hannu raina a ɓace, na shirya cacar baki irin tamu, mutumin nan ko fuska bai canza ba ya sa mata sabon batir ya ajiye a ƙasa ya gwada, da ya ga da gaske ne sai ya ɗauko wata ya buɗe kwalin a gabanmu ya miƙa wa yaron rimot yace shi ya tuƙa da kansa. Ko riyal ɗaya bai karɓa ba. Wallahi tun ranar yaran nan basa yarda a shiga wani shago, akwai mai sauƙin kuɗi a gefensa amma ni kaina ƙafata bata zuwa can, maƙwabta ma da za su koma Katsina wurinsa na kai su sayen tsaraba.

Ba wai duk kirki bane, akwai tsoron hukuma. Ma'aikatar kasuwanci ta Saudiyya ta hana a rubuta cewa kayan da aka saya ba a dawowa dasu, in mai shago ya ƙi karɓar abu mai aibi ka kira 1900 ka kai ƙara.

Ka duba Lego ma, masu yin ƙananan bulon roba da yara ke haɗawa, kamfanin Denmak ne tun 1932, kayansu tsada kamar me, amma an sansu da cewa in ka buɗe kwali ka tarar guntu ɗaya babu ka sanar dasu suna aiko maka kyauta. Bulon da suka fitar a 1958 har yau yana shiga cikin na yanzu. Shi yasa wanda yayi wasa dashi yana yaro ke komawa ya saya wa ɗansa.

Mu kuwa a gida mutum ya dawo da jirgi baya kunnuwa sai ace ai lafiya lau na baka, a hannun yaronka ya lalace. Abin nan yana min ciwo, uba ya tara kuɗi da ƙyar don ya faranta wa ɗansa ran Sallah a kore shi da magana ɗaya. Nasan dila baya karɓar kaya daga gareka kuma ribar ba yawa, ban ce ka yi irin na Lego ba. Amma dan Allah ka ajiye batir a shago, duk abinda za ka sayar ka kunna a gaban mai saye, ka ware guda biyu ko uku a kowane katan na canji, ka ce masa in ya tsaya cikin kwana uku ya dawo dashi. Ka turo min hoton irin waɗanda kake so in duba maka kuɗinsu anan.