PS5 mara faifai: sauƙi a ranar saye kawai

PS5, wato na'urar buga gem ta kamfanin Sony, biyu ne a gidan gem ɗina da ke wajen Ƙofar Kaura a Katsina, ɗaya mai cin faifai, ɗaya mara ci. In yara suka zauna buga FC, gem ɗin ƙwallon ƙafa, ba wanda zai ce maka ga wannan ga wancan. Hoto ɗaya, gudu ɗaya, domin kayan cikinsu ɗaya ne. A Nuwamban 2020 Sony ta fito da su tare, mai faifai dala 499, mara faifai 399.

Ragin dala 100 ɗin nan ba kyauta ba ne. Ko da Sony ta fara sayar da na'urar faifan daban a 2023, dala 80 ta sa mata. Abin da take nema shi ne duk wanda ya ɗauki mara faifai ya zama nata: kowane gem sai a kantinta na intanet zai saya, inda take cire kusan kashi 30 cikin 100 na cinikin sauran kamfanoni. Ba aro, ba musanya, ba na hannu. Microsoft ma ta raba Xbox ɗinta gida biyu, sai dai ita ƙarfin ƙaramar ta rage, wato Series S, ta sa ta a dala 299 a 2020 don ta jawo mutane biyan Game Pass, tsarinta na hayar gem, duk wata.

Ni mai faifan ce ke riƙe min jari. Sabon FC na fitowa sai in sayar wa wani mai shago daga Daura tsohon, in cika kuɗi in ɗauko sabo. Wanda na saya a mara faifan kuwa yana nan maƙale a asusuna, ko sisi ba zai dawo ba. Ga data. Gem ɗaya gomomin gigabait ne, sai cikin dare nake saukewa, janareta na shan mai, ina gadin layin da ke tafiya a allo kamar hawainiya. Mai faifan ma tana neman sabuntawa, gaskiya, amma wahalar ba ɗaya ba.

Ban raina mara faifan ba, wallahi inji ne mai kyau, ba ƙara, hannunta na daɗin riƙewa. Wanda ke da intanet mai ƙarfi a gida, kuma gem ɗin ƙwallo na eFootball kaɗai yake bugawa, wanda dama kyauta ake saukewa, ya saya hankali kwance. Mai buɗe shago a Katsina dai ya daure ya cika kuɗin mai faifai.