Katin Wi-Fi mai araha ga laftof mai Linux: wanne za ka saya?

Sunan da ke jikin kwali ba shi Linux ke dubawa ba, cif ɗin da ke cikin katin take nema wa direba, wato manhajar da ke sarrafa shi. Don haka kafin ka fitar da kuɗi, buga umarnin lspci -nnk a tagar rubuta umarni (terminal) ka ga wane cif ke cikin laftof ɗinka, sannan ka kwance murfin ƙasa ka duba gurbin. Tsofaffin laftof mini PCIe suke ɗauka, na baya-bayan nan kuma M.2 2230. Bakin wayar eriyarsu ma ba ɗaya ba ne, na M.2 ya fi ƙanƙanta. Wasu kuwa a like katin yake da allon kwamfutar, ba ya ciruwa.

Idan gurbinka M.2 ne, ni Intel AX200 zan nuna maka. Wi-Fi 6 ne, direbansa iwlwifi yana cikin kernel, wato zuciyar Linux, tun daga sigar 5.1, kana sawa sai aiki, har da Bluetooth. AX210 ya ƙara zangon 6 GHz, yana buƙatar 5.10 zuwa sama, amma in rawutarka ba ta da wannan zangon, ƙarin kuɗin bai tsinana maka komai ba.

Tarkon yana wajen AX201, AX211 da 9560. Kamanninsu ɗaya da AX200, su zauna daram a gurbi, amma nau'in CNVi ne: wani ɓangare na aikinsu yana wajen dandamalin Intel ɗin da aka ƙera su dominsa. Ka sa ɗaya a laftof mai AMD, kwamfutar ko ganinsa ba za ta yi ba. Lamba ɗaya ce ta raba AX200 da AX201, a karanta ta da kyau.

MediaTek MT7921 ma ba laifi, yana da direba tun 5.12. Broadcom kuwa na kan ce a kauce masa, da yawansu sai an nemo direba rufaffe na kamfani, kuma sabunta Linux kan iya karya shi. Realtek sai an bi samfuri-samfuri.

Mai son komai a buɗe, ba tare da rufaffiyar manhajar da ake loda wa kati ba, ya nemi Atheros mai direban ath9k, irin su AR9285. Ana samunsa na hannu da arha, sai dai saurinsa bai wuce na tsohon tsarin Wi-Fi na 802.11n ba.

Wasu tsofaffin ThinkPad da HP kuma BIOS ɗinsu, wato manhajar da ke tayar da kwamfutar, na ƙin katin da ba ya cikin jerinsu. ThinkPad kuskure mai lamba 1802 yake nunawa ya ƙi tashi. A nan ɗan katin USB ne mafita, amma a duba siga: TP-Link TL-WN722N na farko Atheros AR9271 ne, na biyu da na uku Realtek ne, ga shi suna ɗaya.