Gargaɗi ga masu gini: hattara da ɗan kwangilar da ke karya farashi

Wannan gargaɗi ne ga duk mai shirin gina gida ko gyara shi, musamman wanda yake zaune a wani gari yana aiko da kuɗi, domin irinsa masu wannan zamba suka fi nema.

Salonsu kusan ɗaya ne. Mutum zai zo da hotunan gidaje a waya ya ce aikinsa ne, sannan ya kawo ƙiyasin da ya gaza na sauran magina nesa ba kusa ba. Da zarar an amince, sai ya nemi kafin alƙalami mai tsoka, rabin kuɗin ko fiye, bisa hujjar cewa siminti da rodi za su tashi idan ba a saya yanzu ba. A makon farko za a ga leburori da tifar yashi, a haƙa harsashi, a jera bulo. Daga nan aiki zai fara tafiyar hawainiya, saboda kuɗinku sun tafi toshe bakin wani mai gidan da aka yi wa haka a baya. Idan kun matsa, sai a nemi ƙari. Idan kun hana, sai waya ta daina shiga.

Wanda ya gudu ma, a ganina, ya fi sauƙi a kan wanda ya tsaya yana ha'inci a cikin kayan aiki. Shi ne mai karɓar kuɗin rodi mai milimita 16 ya saka mai 12 a ginshiƙi, ya cika yashi a kwaɓi har bulo ya riƙa marmashewa a hannu, ya ja waya mai milimita 1.5 zuwa soket inda ake bukatar 2.5. Filasta da fenti suna rufe duk wannan, sai bayan damina ɗaya ko biyu bango ya tsage.

Kada ku bari kuɗi su riga aiki. A raba biya mataki-mataki, wato harsashi, linta, rufi, sannan shafe, kuma kada a biya na gaba sai an ga na baya da ido. A rubuta yarjejeniya ko da maginin ɗan'uwa ne, a bayyana kaurin rodi da na kwano, da ranar gamawa, da kason da za a riƙe har sai an gwada famfo da wuta, shaidu biyu su sa hannu. Ku sayi manyan kaya da kanku, ku biya ta banki, ku adana rasit. Hoton WhatsApp ba shaida ba ne. Ku je gidan da ya ce ya gina, ku gana da mai shi. Idan bene ne, ku tabbatar injiniyan yana da rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, maginin kuma da CORBON, hukumar da ke yi wa magina rajista.

Idan rigima ta ɓarke, ku sani cewa sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai, saboda haka jinkirin aiki maganar sulhu ce a gaban mai unguwa ko shugabannin ƙungiyar magina, in ta ƙi sai kotu. A Kano akwai kotun ƙananan basussuka, wadda ba lallai sai da lauya ba. Amma wanda ya karɓi kuɗi da ƙarya tun farko ya faɗa ƙarƙashin dokar zamba cikin aminci ta 2006, mai hukuncin ɗaurin shekara 7 zuwa 20.

Kafin ku kawo wani magini ya ci gaba, ku sa ƙwararre ya auna aikin da aka yi, ya ƙiyasta kuɗinsa a rubuce, a ɗauki hotuna masu kwanan wata, domin da zarar sabon hannu ya taɓa ginin, na farko zai ce ba shi ya ɓata ba.